Daga Ridina zuwa Gimi: Tarihin Wani Alkawari

Ridina unguwa ce a Injamena, babban birnin ƙasar Chadi. Sunanta Larabci ne, ma'anarsa "mun yarda", kuma ɗalibin Hausa da ya kasa kunne zai ji 'yar'uwar kalmar a bakinsa, domin *yarda* ita ma daga wannan saiwa ta Larabci ta tsiro, daga gare ta kuma aka sami *yarje* da *yarjejeniya*. A kan wannan kalma tambayar da aka fi ƙarni ɗaya ana yi wa littafin Kirista a ƙasashen da ake jin Hausa ta rataya: shin abin yarda ne, kuma alkawuran da ya ce Allah ya ɗauka sun cika? Tambayar tana da tarihi, tarihin kuwa ya ratsa ta gaɓar Tafkin Chadi fiye da sau ɗaya.

Birnin da Ridina take ciki bai daɗe a duniya ba. A ranar 22 ga Afrilu, 1900, sojojin Faransa suka gwabza da Rabe a Kusuri, aka kashe Rabe, aka kuma kashe kwamandansu Lamy. A shekarar ne Emile Gentil ya kafa sansani a ƙetaren kogin Shari ya sa masa suna Fort-Lamy, sunan da bai sauya ba sai a 1973. Hausawan da suka zauna a wurin, galibinsu hanyar hajji ce ta kawo su. Mahajjaci yakan taso a ƙasa daga Kano ko Katsina ko Damagaram, guzuri ya ƙare masa a hanya, ya tsaya neman abin ci gaba da tafiya, tsayuwar wata uku ta zama ta shekara talatin. John Works ya rubuta littafi sukutum a kan waɗannan al'ummomi na Chadi, aka buga shi a 1976.

Ba ɗokin Ka'aba kaɗai ke jan mutane gabas ba a wancan zamani. Ƙarni na goma sha uku na Hijira yana ƙarewa, malamai kuma suna ta lissafin bayyanar Mahadi. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi mubaya'a ga Mahadin Sudan, ya haɗa kai da Rabe. A 1903 Sarkin Musulmi Attahiru ya fito hijira da jama'a mai yawa, Turawan Ingila suka kashe shi a Burmi, waɗanda suka tsira suka ci gaba har bakin kogin Nilu. Zamani ne na jiran cikar alkawari, kuma a jerin alamomin da kowane almajiri ya sani, bayan Mahadi sai Dujal, bayan Dujal sai saukowar Annabi Isa.

A cikin wannan yanayi aka yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Ya tsananta bincike a kan ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Isa ɗan Maryamu, har ya ɗaukaka matsayinsa fiye da yadda malaman fada za su lamunta. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka tsire shi a kasuwar Kurmi wajen shekarar 1867. Almajiransa suka watse, da yawansu suka nufi duwatsun Ningi, inda ikon Kano bai kai ba. Su ne ake kira Isawa. Riwayar da ta iso hannun 'yan mishan daga baya ta ce kafin ya mutu ya bar musu magana: su yi haƙuri, akwai masu zuwa da cikakken labarin Isa.

Abin da Malam Ibrahim bai sani ba shi ne, shekara goma kafin rasuwarsa an riga an fara buga wannan labari da Hausa, a Ingila. Mai aikin wani Bajamushe ne, James Frederick Schön, na ƙungiyar mishan ta CMS. Ya bi ayarin kogin Kwara na 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya tsinci Hausarsa ta farko a bakin 'yantattun bayi a Saliyo, amma har ya mutu a 1889 bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Wanda ya zame masa ƙasar Hausa wani yaro ne mai suna Dorugu, haifaffen ƙasar Damagaram. An kama shi bawa yana ƙarami, aka kai shi Kukawa ta Barno, inda Bature matafiyi Adolf Overweg ya 'yanta shi. Overweg ɗin nan shi ne ya shiga Tafkin Chadi da jirgin ruwan da aka ɗauko gunduwa-gunduwa a kan raƙuma ta Sahara, kuma a gaɓar tafkin ya rasu a 1852. Dorugu ya koma hannun Heinrich Barth, ya bi shi har Tumbutu, ya kuma bi shi Ingila a 1855. Da taimakonsa Schön ya fitar da Linjilar Matiyu a 1857, ya bi ta da Farawa da Fitowa, ya kammala Sabon Alkawari a 1880.

A nan ya kamata ɗalibi ya dakata a kan sunan da kashi biyu na littafin suke ɗauke da shi. Kalmar Ibrananci ta asali tana nufin ƙulla zumunci tsakanin ɓangare biyu, irin wanda ake tabbatarwa da rantsuwa da yanka. Ta Girkanci da aka fassara ta da ita tana ɗaukar wannan ma'ana, tana kuma ɗaukar ma'anar wasiyyar mamaci, kuma ta ɓangaren wasiyya Latinanci ya bi, harsunan Turai suka gada. Hausa tana da *wasiyya*, tana da *yarjejeniya*, amma *alkawari* ne ya zauna: Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, ko *alkawali* kamar yadda tsofaffin bugu da wasu kare-karen harshe suke da shi. Zaɓin yana da nauyi. Yarjejeniya sai da yardar mutum biyu, wasiyya sai mai ita ya mutu, alkawari kuwa mutum ɗaya yakan ɗauke shi, ya zame masa bashi. Fi'ilan da ke raka kalmar ma sun nuna haka: ana ɗaukar alkawari, ana cika shi, ana saɓa shi, ana karya shi, shi ya sa Bahaushe ya ce kaya ne. Duk wanda ya buɗe littafi mai wannan suna, tun daga bango an riga an ba shi ma'aunin da zai auna shi da shi.

Sai dai fassarar Schön ba ta yi tasiri a ƙasar Hausa ba, kuma ba abin mamaki ba ne. Hausar yaro ce da aka raba da gida tun bai ƙosa ba, Bajamushe ya ɗora ta a kan ginin jimlolin Turai, aka buga ta da haruffan boko a lokacin da masu karatu ajami suka sani. Charles Henry Robinson, wanda ya isa Kano a ƙarshen 1894, ya gane wannan, ya sa aka buga Linjilar Yohanna da ajami a 1899. Amma aikin da ya zauna da gindinsa na Likita Walter Miller ne. Miller yana cikin ayarin Bishop Tugwell da ya shiga Kano a 1900, shekarar da aka kafa Fort-Lamy, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. A 1905 ya sami zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta, ya duƙufa kan fassara tare da Hausawan da ke kewaye da shi.

Malaman Zazzau ba baƙin Attaura da Zabura da Linjila ba ne, sun san sunayensu tun suna makarantar allo. Abin da suke tuhuma shi ne ko littattafan da ke hannun Nasara su ne waɗanda aka saukar, ko an jirkita su. Muhawarar tsohuwa ce a cikin malaman Musulunci kansu. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya tsaya a kan cewa lafazin ne aka sauya, wasu kuma suka ce lafazi yana nan, fassarar ma'ana ce aka karkatar. Amsar Kirista ta dogara ne a kan tsofaffin kundaye. Kundin Sina'i, wanda Tischendorf ya gano a gidan ruhubanawa na Dutsen Sina'i a tsakiyar ƙarni na sha tara, an rubuta shi ne a ƙarni na huɗu, kuma yana ɗauke da Sabon Alkawari cikakke. A 1947, Miller yana da rai, makiyaya suka tsinci naɗaɗɗun fatu a kogunan dutse na Kumran kusa da Tekun Gishiri. A cikinsu akwai littafin Ishaya wanda ya girmi haihuwar Almasihu, ya kuma girmi kwafin Ibrananci da ake dogara da shi da kimanin shekara dubu, kuma da aka gwada su aka ga sun yi daidai ƙwarai, ban da bambance-bambancen rubutu da na wasu kalmomi. Wannan yana da muhimmanci ga Kirista, domin a cikin Ishaya ne suke karanta annabcin bawan Allah mai shan wuya, wanda suka ce ya cika a kan Almasihu, ko da yake malaman Yahudu suna fassara shi da al'ummar Isra'ila.

Kundayen dai ba gefe ɗaya suke ba wa hujja ba. Kundin Sina'i ɗin nan ba shi da ayoyi goma sha biyu na ƙarshen Linjilar Markus, ba shi da labarin matar da aka kama da zina a Yohanna, kuma bugun zamani da yawa suna nuna haka a ƙasan shafi. Mai kare littafin yakan ce wannan shaidar riƙon amana ce, tunda ba a ɓoye ba. Mai tuhuma yakan ce ga abin da ake faɗa nan. Tsufan takarda yana iya tabbatar da cewa magana ba ta sauya ba tun ƙarni kaza, amma ba ya iya tabbatar da cewa mai alkawarin zai cika. Wannan sai a rayuwar mutane ake neman sa.

A 1913, shekara guda bayan Dorugu ya rasu a Kano yana malamin makarantar Ɗan Hausa, wasu daga zuriyar Isawa suka zo wurin Miller a Zariya. Kusan shekara arba'in da biyar ke nan da tsire Malam Ibrahim. Suka ji karatun Linjila da harshensu, wasu suka ce wannan ne abin da aka ce su jira. Ga Miller, wanda ya yi shekaru yana wa'azi ba tare da samun mabiya na a zo a gani ba, babu wata shaida da ta fi wannan. Aka nema musu fili a Gimi, cikin ƙasar Zazzau, suka taru daga garuruwan da suke warwatse, suka yi gonaki, suka gina makaranta da ɗakin sujada, wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson, yana jagorantarsu.

Wurin kuwa matattarar ƙudan tsando ne. Cikin 'yan shekaru cutar barci ta shiga garin, ta yi ta ɗibar manya da yara, har ya zama babu abin yi sai tashi. Garin da aka kafa domin alkawari ya cika ya koma kufai tun bai shekara goma ba. Marubutan mishan sun fi son tsayawa a kan 1913, su wuce Gimi da sauri, alhali nan ne tambayar ta fi tsanani, domin mutanen da suka binne 'ya'yansu a can su ne suka fi kowa haƙƙin cewa an saɓa musu. Wasu sun koma inda suka fito. Wasu suka riƙe sabon addinin, suka ba da 'ya'yansu makarantar Miller, suna karanta abin da ya same su ta madubin littafin kansa, wanda ya ba da labarin Ibrahim da aka yi wa alkawarin ƙasa ya mutu bai mallaki komai a cikinta ba sai kabarin da ya saya.

Masana tarihi na baya, irin su Ian Linden, sun yi wa labarin wani karatu dabam. A ganinsu Isawa ba Kiristoci ne masu jiran mishan ba. Musulmi ne masu tsananin tsoron Allah, 'yan zamanin jiran Mahadi, waɗanda suka ƙosa da malaman fada, kuma Isan da suke jira shi ne mai saukowa a ƙarshen zamani. Hujjar wannan ra'ayi tana da ƙarfi, domin yawancin Isawa ba su bi Miller ba, kuma maganar da aka jingina wa Malam Ibrahim ta iso ne ta bakin waɗanda suka riga suka gaskata cewa ta cika.

A 1929 mishan ya tashi daga cikin birnin Zariya ya koma Wusasa, inda ragowar mutanen Gimi suka zama wani ɓangare na jama'ar wurin. Daga wannan ƙaramar al'umma aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aikin Miller da abokansa na sauran ƙungiyoyin mishan, shekara saba'in da biyar bayan Matiyun Schön da Dorugu. Ya bazu har cikin ƙabilun Filato da Adamawa da Kudancin Zariya waɗanda Hausa ba harshen uwa ba ce gare su, su ne ma suka fi kowa karanta shi.

Littafin ya riƙe sunan Allah yadda kowane Bahaushe ya san shi, amma wanda Isawa suka sha wuya saboda sunansa bai fito a ciki da sunan Isa ba. Yesu Kristi aka rubuta. Sabuwar fassarar 1979 ta dawo da Almasihu, ta bar Yesu a inda yake. A Ridina kuwa, inda Larabcin Chadi ne harshen titi da kasuwa, fassarar da aka yi da wannan harshe Isa Almasihu take kiransa.