Yadda Basukur Ya Haifi Kujera

Durba gari ne a ƙasar Kibiya, kudu da birnin Kano. Kibiya kuwa daga jikin Rano aka yanko ta, Rano ta Autan Bawo, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. Mutanen wannan yanki manoma ne tun kaka da kakanni, kayan ɗakinsu kuwa a zamanin da duk daga gona da daji su ke fitowa. Mai gida bisa buzu ko tabarma ya ke zama a zaure. Uwargida tana da kujerarta 'yar tsugunno, wadda masassaƙi ya fafe daga gungume guda, ba ƙusa ba haɗi. Wajen kwanciya akwai gadon ƙasa, wanda tsofaffi su kan sa wa garwashi a ƙarƙashi da hunturu, akwai kuma gadon kara. Doguwar kujera mai majingini ba a san ta ba a ƙauye. Ta katako kafintoci ne suka zo da ita daga baya. Amma ta ƙarfe, wadda yanzu ta cika makarantu da ɗakunan shan magani da shagunan masu aski, asalinta daga basukur ya ke, watau keke.

Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, zamanin Sarki Abbas, a shekara mai bi mata kuwa cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗi suka soma shiga hannun manoma. Da tafiya ta yi tafiya, sai ya zama wanda gyaɗarsa ta yi kyau, in ya biya haraji ya ɗinka wa iyali sutura, ba abin da ya ke hange sai dokin ƙarfe. Raleigh na garin Nottingham shi ne sarkinsu, sa'an nan Hercules da Phillips na Birmingham. En'e ta kan ba ma'aikatanta bashin keke, a riƙa yanka cikin albashi wata-wata, don malamin haraji da duba-gari da masinja su iya zaga ƙauyuka irin su Durba su komo kan lokaci. Kowane keke kuma sai an yankar masa lamba a shekara.

Abin da ya ba mutane mamaki game da basukur shi ne, yaro yana iya ɗaga shi ya tsallake rafi da shi, amma ga shi yana ɗaukar ƙato da buhun hatsi a baya. Asirin kuwa ƙarfen jikinsa ba curarre ba ne, bututu ne, cikinsa fayau. Wanda ya taɓa ɗaura gadon kara ba zai sha wuyar gane wannan ba. Ƙarfin karan dawa a ɓawonsa ya ke. Totuwar da ke ciki ba ta ɗaukar kome. Haka sandar ƙarfe: in nauyi ya danne ta, gefe-gefenta ne ke shan wahala, tsakiyarta tana hutawa. To, in aka raba ta da tsakiyar nan, nauyi ya ragu ƙwarai, ƙarfi kuwa kaɗan ya ke raguwa.

Turawa sun daɗe suna yin bututu ta hanyar naɗe fallen ƙarfe a like bakinsa, amma irin wannan ya kan tsage a wurin likin in aka matsa masa. Wajen 1885 waɗansu 'yan'uwa Jamusawa, su Mannesmann, suka gano yadda za a huda ƙarfe mai zafi ya fito bututu ba ɗinki. A shekarar nan kuma wani Baturen Ingila, John Kemp Starley na garin Coventry, ya fito da keke mai ƙafa biyu daidai da juna da sarƙa, irin wanda a ke hawa har wa yau. Cikin 1888 Dunlop ya fito da tayar keke mai iska. Nan da nan duniya ta rufta wa keke, masu ƙera bututu suka shiga tsere, kowa yana neman nasa ya fi sauƙin nauyi. Cikin 1897 Alfred Reynolds na Birmingham ya fito da bututu mai kauri a baki biyu inda a ke haɗi, siriri a tsakiya. Duk wannan wahala don keke aka sha ta, ba wanda ya yi tunanin kujera.

Wanda ya yi tunanin wani saurayi ne mutumin Hungari, sunansa Marcel Breuer, an haife shi cikin 1902. Shi ne shugaban ɗakin kafintoci a wata makarantar koyon sana'a da zane ta Jamus mai suna Bauhaus, wadda ta ƙaura zuwa garin Dessau cikin 1925. A nan ya sayi keke ƙirar Adler. Yana hawa yana duban kan keken, yadda aka tanƙwara shi ya yi ƙaho bai karye ba bai lotse ba, sai ya ce a ransa, ashe abin da aka tanƙwara ya zama kan keke ana iya tanƙwara shi ya zama wurin zama. Ya nemi masu kamfanin Adler su taimake shi da bututu, ba su kula shi ba, don a ganinsu masu keke ba ruwansu da kayan ɗaki. Sai ya samo na Mannesmann, ya nemo wani mai aikin famfo ya taya shi haɗi. Suka yi firam na bututu tsura, suka ɗaura masa ƙyalle mai ƙarfi wurin zama da majingini da madafa. Daga baya aka laƙaba wa kujerar nan suna Wassily, don abokin aikinsa mai zane, Wassily Kandinsky.

Da ƙofa ta buɗe sai kowa ya kutsa. Cikin 1926 wani mutumin Holan, Mart Stam, ya harhaɗa bututun gas ya yi kujera wadda ba ta da ƙafafun baya sam, bututun ne ya zagayo ta ƙasa ya tokare ta. Aka yi ta gardama kan wanda ya fara, har magana ta kai gaban alƙalai, suka ba Stam gaskiya cikin 1932. Makarantar kuwa mutanen Hitila suka matsa mata har aka rufe ta cikin 1933.

Kujerun nan na farko na masu hali ne, da ma a nan abin ya tsaya da ba su shafi kowa a ƙasar Rano ba. Mutanen Ingila ne suka sauko da su. Wani babban kamfani mai suna Tube Investments, wanda ke sayar wa masu keke bututu, ya kafa reshe cikin 1931 a Oldbury kusa da Birmingham, aka kira shi PEL, aikinsa ƙera kayan zama na bututu. Gidan rediyon BBC na Landan yana cikin waɗanda suka fara saye. Abin da ya sa irin nasu ta bazu shi ne araha, da kuma ana iya ɗora goma bisa juna a jingine a lungu. Cikin 1960 kamfanin nan ya saye Raleigh ɗungum, keke da kujera suka koma gida ɗaya. Raleigh kuma daga bisani ya kafa masana'antarsa a Kano.

A nan ƙasar abin ya karɓu don dalilin da Breuer bai taɓa tunawa da shi ba, watau gara. Bencin katako in aka bar shi ɗakin makaranta hutun damina, a kan tarar ta cinye masa ƙafa. Ƙarfe kuwa sai dai tsatsa, ita ma fenti na maganinta. Kada a zarce a ce gadon ƙarfe mai rumfa, wanda ya kori gadon kara daga ɗakin amare, shi ma ɗan keke ne. A'a, ya girme shi, tun kafin Starley a ke ƙera shi a Birmingham. Sai dai su biyun tare suka shigo ƙauye, da kuɗin gyaɗa guda, ɗaya na ango ɗaya na amarya, har iyaye da yawa suka ci bashi don kada 'yarsu ta tare ba shi. Masassaƙi kuwa aka bar shi da turmi da taɓarya da ƙota da 'yar tsugunno, wadda har yau ba a sami abin da ya fi ta daɗin zama gaban murhu ba.

Da wutar lantarki da injin walda suka yawaita, sana'ar ta bar hannun kamfani ta faɗo bakin titi. Mai walda ya sayi bututu, ya yanka da zarto, ya tanƙwara. In ba shi da injin tanƙwarawa sai ya ɗura wa bututun busasshen yashi ya toshe bakinsa, don kada ya lotse a gwiwa. Sa'an nan a saƙe firam ɗin da igiyar roba launi-launi. Irin wannan kujera ita ce a majalisun masu shan shayi daga Kano har Maraɗi.

Amma inda keke da kujera suka zama abu guda sosai shi ne keken guragu. Cutar shan-inna ta daɗe tana nakasa yara a ƙasar Kano, wanda ta kama kuwa a da sai rarrafe cikin ƙura, ko a goye shi. Masu walda suka ɗauki kujerar bututu suka sa mata ƙafafun keke uku, biyu a baya ɗaya a gaba. Suka ɗago feda da sarƙa zuwa daidai ƙirji, yadda mutum zai tuƙa da hannu, ya juya, ya ja birki, duk yana zaune. Ba wani ƙarfe a jikinsa da mai gyaran keke na kasuwar Rano ko Kibiya bai san shi ba, saboda haka in ya lalace ba sai an kai shi birni ba. A Kano waɗanda cutar ta taɓa sun kafa ƙungiya da ɗakin aikinsu, su da kansu su ke yankan bututu suna ƙera wa 'yan'uwansu. Yaro na ƙarshe da ƙwayar shan-inna ta asali ta kama a Jihar Kano a ƙasar Sumaila aka same shi, ba nisa da Kibiya, cikin Yuli 2014, cikin Agusta 2020 kuwa aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ita. Waɗanda ta riga ta taɓa suna nan da yawa, masu walda kuwa ba su daina ƙera musu ba.