Littafin Haraji da Hanyar Labari a Ƙasar Rano

Kafin shekarar 1979, da wuya magidanci ya yi damina biyu a ƙasar Rano sunansa bai shiga littafin haraji ba. Mai unguwa ya san gidansa, dagaci ya sa an rubuta shi, malamin hakimi ya zuba shi cikin jimillar gunduma, jimillar kuma ta wuce Kano. A yau Unguwar Gai, a ƙasar Rano, mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Kibiya, kuma duk mai son sanin yawan mutanenta sai dai ya koma ga ƙidayar 2006 ya yi ƙiyasi, alhali jariran da aka ƙirga a waccan shekarar sun riga sun isa jefa ƙuri'a. Wayar hannu ta shiga ƙauyuka, kwamfuta ta shiga ofisoshi, amma sanin da hukuma ta yi wa ƙauye a zamanin tawada da alƙalami ya fi na yanzu. A ganina soke haraji da aka yi a 1979 daidai ne. Inda aka yi kuskure shi ne ba a raba aikin ƙirga mutane da aikin tatsar su ba, sai aka binne su a rami ɗaya.

Masu tsara manhajar kwamfuta suna da wata dabara da ke fito da wannan magana fili, wato zanen kwararar bayanai. Larry Constantine da Edward Yourdon ne suka share masa fage a Amurka cikin shekarun 1970, Tom DeMarco ya daidaita ƙa'idojinsa a littafinsa na 1978, Chris Gane da Trish Sarson kuma suka fito da nasu salon a daidai wannan lokaci. Alamominsa huɗu ne kacal. Akwati na nuna wanda ke wajen tsarin, wanda bayani ke fitowa daga wurinsa ko yake ƙarewa a hannunsa. Da'ira na nuna aikin da ake yi wa bayanin, kamar tarawa ko tantancewa. Layi biyu a jere ma'ajiya ce, ko fayil ko littafi, kibiya kuma na nuna inda bayanin ya dosa. Duk da'irar da bayani ke shiga ba ya fita, ko yake fita ba a ga ta inda ya shigo ba, to akwai ɓaraka a wurin. Amma nasihar DeMarco da ta fi shafar mu ita ce, kafin a taɓa tsohon tsari a zana shi sau biyu: na farko yadda yake a zahiri, da ma'aikatansa da takardunsa, na biyu a cire mutanen da takardun a bar tsantsar aikin da ake yi. Wanda ya tsallake zane na biyu yakan kori ma'aikaci ya manta cewa akwai aikin da ya tafi da shi.

A ƙarni na 19 yawancin hakiman Kano a birni suke zaune, garuruwansu a warwatse, kuma jakada ne ke kai da komo tsakaninsu da masu garuruwa. Sarkin Rano, kamar na Gaya da Dutse da Ƙaraye, a garinsa yake, domin sarautarsa tsohuwa ce, tana cikin Hausa Bakwai. Abin da ake tarawa iri-iri ne: kuɗin ƙasa, zakkar hatsi, jangalin shanu, kuɗin karofi daga marina, kuɗin rafi daga masu noman lambu. Akwai rubutu, domin wasiƙun Larabci masu hatimi suna tafiya tsakanin fadar Kano da Wazirin Sakkwato, amma a ƙasa babbar ma'ajiyar ita ce kan mutum. Mai gari da jakada su ne suka san wa ya biya, wa ya ƙaura, gonar wa aka gada. Hanyar ba kuɗi kaɗai take ɗauka ba. Kudancin Kano ya sha hare-haren Ningawa, musamman a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi da ya hau mulki a 1855, kuma labarin hari ta wannan hanya yake isa birni, mayaƙa su biyo bayansa. Wato a wancan lokaci, duk da nauyin da ke kan talaka, akwai wani abu da ke dawowa.

Turawa sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, kuma abin da ya fi damun su da farko shi ne ba sa ganin cikin wannan tsari. Dokar kuɗin shiga ta 1906 ta haɗe harajin gargajiya, gwamnati ta ɗauki rabi. Razdan Cargill, tsakanin 1907 da 1908, ya tattara garuruwa ya yi gundumomi masu iyaka, ya tura hakimai su zauna a cikinsu, aka kawar da jakadu. A 1909, zamanin Razdan Temple, aka kafa Baitulmalin Kano, sarki ya koma cin albashi maimakon yankar kaso. A shekarar ce kuma Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa, inda aka horar da malaman da suka riƙe littattafan En'e, wato hukumar gargajiya, aka kuma fara awon gonaki da takun ƙafa a gundumomin da ke kewaye da birni. Idan aka zana abin da ya fito daga wannan garambawul, za a ga ma'ajiya ta tashi daga ƙwaƙwalwa ta koma takarda, tafiyar kuma ta zama ta shekara-shekara. A ƙirga magidanta da iyali da dabbobi, a aika jimilla, a yanko wa gunduma kuɗinta, hakimi ya raba wa dagatai, a karɓa bayan kaka a ba da rasit, kuɗi su shiga hannun Ma'aji. Jangali kuwa da damina ake bin sa. Sai Di'o ya fito rangadi ya tara mutane, ya gwada rasit ɗin da ke hannunsu da abin da ke cikin littafi. Wannan mataki na ƙarshe, gwada majiya biyu da juna, har yau da shi ake gane tsarin bayanai mai rai.

Aibin tsarin ma a zanen ake ganinsa. Kibiyoyin da ke hawa suna ɗauke da sunaye da adadi, wadda ke saukowa guda ɗaya ce, adadin kuɗin da za a biya. Yunwar 1913 zuwa 1914 ta nuna haka. Michael Watts, a littafinsa na 1983 kan yunwa a Arewacin Nijeriya, ya yi bayanin yadda harajin tsabar kuɗi mai ƙayyadadden lokaci ke tilasta manomi ya sayar da hatsi da kaka yana araha, ya sayo shi da tsada lokacin da rumbu ya ƙare. Hukumar da ta san yawan mazajen kowane ƙauye ba ta gina littafinta don ya gaya mata wane gida ne bai ɗora tukunya ba.

Wani zai ce littattafan nan cike suke da ƙarya, don haka ba a yi asarar komai ba. Akwai gaskiya a ciki. Samari sukan ɓuya ranar ƙirga, makiyaya su kora shanu zuwa wata ƙasa kafin masu jangali su iso, wasu dagatai kuma su rage sunaye a littafi su karɓi kuɗin su sa aljihu, kuma an tuɓe da yawa a kan haka. Amma ƙaryar ta san inda ta dosa, kullum ƙasa take yi, kuma ana sabunta lissafin kowace shekara da wanda zai zo ya bincika. A gwada da ƙidayar ƙasa, inda yawan mutane ke jawo kujeru da kason kuɗi: an soke ta 1962, an yi ta gardama a kan ta 1963, an soke ta 1973. Can ana ɓoyewa don a tsira, nan ana ƙarawa don a samu. Abin da wannan ke nunawa shi ne ingancin bayani ya rataya ne ga abin da mai bayar da shi ke tsammanin zai dawo masa. Lissafin da ya fi wuyar gurɓatawa shi ne wanda ake haɗa shi da suna da gida, kuma amfaninsa ya zo wa mai sunan kai tsaye, yadda maƙwabci zai iya shaida ko ƙaryatawa.

Suka ta biyu ta fi nauyi, cewa duk mai yabon littafin haraji yana kewar zamanin dogarai ne. Ba don wasa aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950 ba, kuma ba don wasa talakawa suka bi Malam Aminu Kano ba. An shanya mutane a rana, an ɗaure, an sayar da akuyar gida saboda haraji. Da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali bayan ya hau mulki a Oktoban 1979, alkawarin shekara kusan talatin ya cika. Dole kuma a yarda cewa zanen kwararar bayanai ba shi da alamar bulala. Yana nuna inda labari ke bi, ba ya nuna wanda aka doka kafin ya faɗa. Saboda haka ba zai iya wanke En'e ba, ba kuma aikinsa ba ne. Abin da zai iya shi ne ya ware abu biyu da suka daɗe a haɗe har aka ɗauka abu ɗaya ne. Dogari da bulala da jakar kuɗi suna cikin zane na farko. A zane na biyu abin da ya rage shi ne wani ya san kowane gida, ya rubuta, a tara, a gwada. Wannan ba zalunci ba ne, kuma da aka soke haraji ba wanda aka damƙa wa shi. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya riga ya mayar da masarautu masu ba da shawara. Dokar 1992 ta ɗora rajistar haihuwa da mutuwa a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, hukumar zaɓe na da nata kundi, hukumar katin ɗan ƙasa da aka kafa a 2007 na da nata. Duka ukun suna jiran mutum ya taka ya je wurinsu, kuma matar da ta haihu a ɗakinta a ƙauyen Kibiya ba ta da dalilin yin wannan tafiya sai ranar da makaranta ta nemi takarda.

Hujjar cewa tsohuwar hanyar na aiki ba tare da bulala ba ta zo ne daga yaƙi da shan inna. Kano ta dakatar da rigakafin a 2003, ta dawo da shi a 2004, amma ma'aikatan lafiya sun ci gaba da tsallake gidaje da rugage da ba su cikin lissafinsu. A 2009 Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, aka koma ga hakimai da dagatai da masu unguwanni, su nuna gida, su sasanta da mai gidan da ya ƙi, daga baya ma su riƙa rubuta sunayen jarirai ana gwadawa da rajistar asibiti. Yaro na ƙarshe da cutar ta asali ta kama a jihar Kano an same shi ne a Sumaila, cikin Yulin 2014, kuma a Agustan 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da ita. Sai dai an farfaɗo da hanyar ne saboda cuta ɗaya, da tallafin ƙungiyoyin waje, kuma babu dokar da ta ce a ci gaba.

Daga 2019 zuwa yau an ɗaga darajar masarautar Rano, an rushe ta a Mayun 2024, an maido ta a Yulin shekarar a matsayin mai daraja ta biyu da ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya. Duk gardamar a kan sanda da iyaka aka yi ta, ba a kan aikin da za a ba mai unguwa ba. Majalisar dokokin jihar Kano ce ke da ikon gyara wannan. Ta ba kowane mai unguwa littafin haihuwa da mutuwa da baƙin da suka sauka, da ɗan alawus na riƙe shi, a riƙa gwada shi duk wata da rajistar asibitin mazaɓa da ta makarantar firamare, a aika wa Hukumar Ƙidaya kwafi. Sannan a rubuta cikin dokar ƙarara cewa haramun ne a yi amfani da littafin wajen karɓar ko kwabo daga hannun kowa, domin ranar da aka yi haka mutanen Unguwar Gai za su koma ɓoye 'ya'yansu, kuma ba wanda zai ga laifinsu.