Asu: Ƙwaron da ke cin tufafi a ɓoye

Asu ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai fukafukai, dangin malam-buɗe-littafi, launinsa ruwan ƙasa mai haske, tsawonsa bai kai santimita ɗaya ba. Masana suna kiran nau'in da ya fi yaɗuwa a gidaje Tineola bisselliella. Ba ya son haske, shi ya sa yake fakewa cikin adaka da akwati da ƙasan darduma.

Babban asu ba ya cin komai; tsutsarsa ce ke ɓarna. Macen takan saka ƙwai 40 zuwa 50 a jikin tufa, su ƙyanƙyashe cikin kwana 4 zuwa 10 idan akwai ɗumi. Tsutsar tana cin abin da ya fito daga jikin dabba: ulu, gashi, fata da siliki. Takan taɓa auduga ne idan an gauraya ta da ulu, ko kuma gumi da maiƙo sun ɓata ta.

A Dutsin-Ma da Kurfi, barguna da rigunan sanyi sukan koma akwati da zarar hunturu ya wuce, su yi wata bakwai ko takwas ba a taɓa su ba. Danshin damina, musamman a watan Agusta, shi ne abin da tsutsar take so. Jar dara da alkyabbar ulu da rigar tsamiya ta gado suna cikin haɗari, haka ma dilolin 'yan gwanjo da ke jiran sanyi. Sau da yawa sai Disamba ake ganin huji da ɗan saƙar zare, alhali aikin gama ya gama.

Rigakafinsa shi ne a wanke tufa ta bushe sarai kafin a ajiye, a rufe ta cikin leda ko akwatin da iska ba ta shiga. Duk bayan 'yan makonni a fitar da kayan, a shanya a rana, a kakkaɓe. Ruwa mai zafin digiri 50 na tsawon minti 30 yana kashe ƙwai da tsutsa.

Kafur yana korar asu, amma guba ne. Yana iya fasa ƙwayoyin jinin jaririn da ya gaji ƙarancin sinadarin G6PD, lalurar da ke da yawa a Najeriya, har ya kamu da shawara mai tsanani. Don haka likitoci ke gargaɗin kada a sa shi cikin kayan jarirai.