Tarihin Aikin Dindindin a Kamfanonin Japan

A shekarun da tattalin arzikin Japan yake bunƙasa cikin sauri, har ya zama na biyu a tsakanin ƙasashen jari-hujja a 1968, manyan kamfanonin ƙasar sun shahara da wani tsarin ƙwadago mai ginshiƙai uku. Na farko shi ne aikin dindindin, wato kamfani ya ɗauki matashi a watan Afrilu da zarar ya kammala karatu, ya horar da shi, ya kuma riƙe shi har ranar ritaya. Na biyu shi ne albashin da ke ƙaruwa gwargwadon shekarun mutum da daɗewarsa a bakin aiki. Na uku kuwa shi ne ƙungiyar ƙwadago ta kamfani guda, wadda take haɗa lebura da akawu muddin ma'aikatarsu ɗaya, maimakon ta haɗa masu sana'a iri ɗaya daga kamfanoni daban-daban. James Abegglen, Ba'amurken da ya fara bayyana wa duniya wannan tsari a littafin da ya wallafa a 1958, ya danganta shi da tsofaffin al'adun Japanawa na biyayya da riƙon amana, amma binciken masana tarihi da suka biyo baya, musamman Andrew Gordon, ya nuna cewa tsarin ɗan ƙarni na ashirin ne, kuma yarjejeniya ce da aka ƙulla bayan doguwar taƙaddama tsakanin masu kamfani da ma'aikata da hukuma.

Gaskiya ne cewa ana iya hango wani abu mai kama da shi a gidajen fatake na zamanin Edo, wanda ya ɗauki tsawon lokaci daga 1603 zuwa 1868. A gida irin na Mitsui, wanda ya buɗe kantin yadi a birnin Edo a 1673, akan kawo yaro yana ɗan shekara goma sha wani abu a matsayin detchi, wato yaron shago da ake ciyarwa ana tufatarwa ba tare da albashi ba, daga nan ya zama tedai, mai kula da ciniki da lissafi, idan kuma ya yi sa'a ya kai matsayin banto, wakilin maigida. Wanda ya yi hidima mai tsawo akan sallame shi da jari da izinin amfani da sunan gidan a nasa shagon. Sai dai ƙalilan ne suke kaiwa ƙarshen wannan tafiya, domin da yawa sukan gudu ko a mayar da su gida, kuma al'adar ta tsaya ne ga 'yan kasuwa, ba ta shafi masu aikin hannu ba.

Da Japan ta rungumi masana'antun zamani bayan juyin Meiji na 1868, abin da ya bayyana a kasuwar ƙwadago shi ne rashin zama wuri ɗaya. Mafi yawan ma'aikatan masana'antu a lokacin 'yan mata ne daga karkara, waɗanda ake ɗauka da kwangilar 'yan shekaru don aikin kaɗin siliki da auduga, ana ajiye su a ɗakunan kwana na kamfani, da yawansu kuma sukan tsere kafin wa'adi ya cika saboda tsawon lokacin aiki da cutar tarin fuka. Maza ƙwararru da ke aiki a wuraren ƙera jiragen ruwa da sarrafa ƙarfe su kuma suna ɗaukar yawo daga wannan ma'aikata zuwa waccan a matsayin hanyar samun ƙwarewa da ƙarin lada, kuma biyayyarsu tana ga oyakata, wato ubangidan da ke karɓar kwangilar aiki daga kamfani, ya tara yaransa, ya raba musu kuɗi yadda ya ga dama. Domin su karya ƙarfin waɗannan iyayen gida, manyan kamfanoni suka fara buɗe makarantun koyon sana'a na kansu, kamar yadda Mitsubishi ya yi a Nagasaki a 1899 da Hitachi a 1910, suka kuma ƙirƙiro ƙarin albashi lokaci-lokaci da kuɗin sallama mai ƙaruwa da daɗewa, don ma'aikacin da aka kashe wa kuɗi wajen horo ya ga cewa tafiya asara ce a gare shi.

Ma'aikata ma ba su zauna suna jiran abin da za a ba su ba. Ƙungiyar Yuaikai da Suzuki Bunji ya kafa a 1912 ta rikiɗe ta zama babbar ƙungiyar ƙwadago, kuma a yajin aikin da aka yi a ma'aikatun jiragen ruwa na Kawasaki da Mitsubishi a birnin Kobe a 1921, wanda ya haɗa mutane wajen 30,000, buƙatun sun haɗa da amincewa da ƙungiya da biyan kuɗin sallama ga wanda aka kora. Abin da leburori suke nema a zahiri shi ne a ɗauke su 'yan gida kamar yadda aka ɗauki ma'aikatan ofis, waɗanda tun tuni suke da albashin wata da tabbacin aiki. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta rushe ƙungiyoyin ƙwadago ta maye gurbinsu da majalisun kishin ƙasa a kowace ma'aikata, ta hana sauya wurin aiki ba da izini ba, ta kuma ƙayyade albashi bisa shekaru da buƙatun iyali, matakan da suka bar tasiri ko bayan an janye su.

Shekaru goma sha biyar da suka biyo bayan 1945 su ne suka ba tsarin siffarsa. A ƙarƙashin mulkin sojojin mamaya na Amurka an kafa dokar ƙungiyoyin ƙwadago a ƙarshen 1945 da dokar ƙa'idojin aiki a 1947, kuma zuwa 1949 fiye da rabin ma'aikatan ƙasar sun shiga ƙungiyoyi, akasarinsu a matakin ma'aikata guda, domin a nan ne mutane suka san juna, a nan ne kuma ake raba abinci a zamanin yunwa. Ƙungiyar ma'aikatan lantarki ta samu nasara a 1946 wajen kafa ma'aunin albashi da ke duba shekarun mutum da yawan iyalinsa kafin ƙwazonsa, ma'aunin da ya bazu zuwa sauran sassa. Amma da aka aiwatar da tsuke bakin aljihu na 1949, wanda Joseph Dodge ya tsara, kamfanoni suka shiga korar ma'aikata, rikici ya ɓarke. A Toyota, inda aka nemi mutane 1,600 su ajiye aiki a 1950, taƙaddamar ta ɗauki kimanin wata biyu, ta kuma ƙare da murabus ɗin Kiichiro Toyoda, wanda ya kafa kamfanin. A mahaƙar kwal ta Miike kuwa, mallakar Mitsui, korar mutane sama da 1,200 ta haifar da yajin aikin da ya cinye mafi yawan shekarar 1960. Ƙungiyoyi masu tsattsauran ra'ayi sun sha kaye a waɗannan gwagwarmayoyi, amma masu kamfani sun fahimci cewa kora tana da tsada matuƙa, don haka ɓangarorin biyu suka daidaita a kan cewa kamfani zai kauce wa kora iyakar ƙarfinsa, ma'aikata kuma za su bar wa shugabanni ikon tsara aiki da sauya wa kowa wuri. Cibiyar bunƙasa ƙwazon aiki da aka kafa a 1955 ta sanya wannan a cikin ƙa'idojinta, kuma a shekarar ne aka fara shunto, wato tattaunawar ƙarin albashi da ƙungiyoyi suke yi a tare a farkon kowace shekara.

Wannan yarjejeniya ce ta sa dabarun gudanarwa da Japan ta yi suna da su suka yiwu. Ma'aikacin da ya tabbata cewa sabuwar dabara ba za ta raba shi da abincinsa ba yakan yarda ya ba da shawarar rage ɓarna, shi ya sa ƙananan da'irorin kula da ingancin kaya, waɗanda Kaoru Ishikawa ya yaɗa daga 1962, suka samu karɓuwa, haka ma tsarin Taiichi Ohno na Toyota, wanda ke hana tara kaya a sito ta hanyar ƙera abin da ake buƙata a lokacin da ake buƙatarsa. Idan kasuwa ta faɗi, kamfani yakan fara rage aikin bayan lokaci da garaɓasar da ake biya sau biyu a shekara, ya dakatar da ɗaukar sababbi, ya tura wasu zuwa ƙananan kamfanonin da ke ƙarƙashinsa, kora kuwa sai an rasa yadda za a yi. Bayan rikicin man fetur na 1973 kotuna suka mayar da wannan ɗabi'a ƙa'ida, inda kotun ƙoli ta yanke a 1975 cewa korar da ba ta da dalili karɓaɓɓe ba ta da inganci, hukuncin da daga baya aka shigar cikin dokar kwangilar aiki ta 2007.

Sai dai rumfar ba ta taɓa rufe kowa da kowa ba. Tabbacin da ma'aikacin babban kamfani yake samu ya dogara ne a kan wasu da ake iya sallama cikin sauƙi: ma'aikatan wucin gadi, manoman da ke zuwa ci-rani birni, ma'aikatan ƙananan kamfanoni masu yin kayan gyara, da kuma mata, waɗanda aka saba su bar aiki idan sun yi aure, su dawo bayan yara sun girma a matsayin masu aikin sa'o'i da ƙaramin lada. Dokar daidaita damar aiki tsakanin maza da mata, wadda ta fara aiki a 1986, ta sa kamfanoni da yawa sun raba ma'aikata gida biyu, masu hawa matakan shugabanci da masu aikin ofis na yau da kullum, kuma mata ne suka cika gida na biyu. Shi kansa ɗan gida ya biya farashi, domin tun da ba a ƙayyade masa aiki ko gari ba, ana iya tura shi nesa da iyalinsa, ana kuma auna amincinsa da tsawon zamansa a ofis.

Da farashin filaye da hannayen jari ya rushe a farkon shekarun 1990, kamfanoni sun zaɓi su kare tsofaffin ma'aikatansu su rufe ƙofa ga matasa, abin da ya bar ɗaruruwan dubban waɗanda suka kammala karatu a wancan zamani ba su samu aikin dindindin ba har suka manyanta. Ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata ta Nikkeiren ta ba da shawara a 1995 cewa a taƙaita aikin dindindin ga rukuni ɗaya kawai, aka kuma sassauta dokar hayar ma'aikata ta hannun dillalai a 1999, aka faɗaɗa ta zuwa masana'antu a 2004. Sakamakon haka, masu aikin da ba na dindindin ba, waɗanda suke kimanin kashi 15 cikin ɗari a 1984, suka doshi kashi 40 cikin ɗari, kuma su aka fara sallama a rikicin kuɗi na 2008. A ɗaya ɓangaren, yawaitar karoshi, wato mutuwa saboda yawan aiki, ta kai ga dokar yaƙi da ita ta 2014 da kuma gyaran 2018, wanda ya ƙayyade aikin bayan lokaci a sa'o'i 45 a wata da 360 a shekara, tare da rangwame na musamman da ba zai wuce 720 a shekara ba.

Abin da ke sauya tsarin a yau shi ne ƙarancin mutane. Adadin masu shekaru 15 zuwa 64 ya kai ƙololuwarsa ta kimanin miliyan 87 a 1995, ya kuma sauko zuwa kimanin miliyan 74, don haka doka ta wajabta wa kamfanoni riƙe mai son ci gaba da aiki har shekara 65, aka buɗe sabuwar bizar ƙwararrun baƙi a 2019, ma'aikata 'yan ƙasashen waje suka haura miliyan 2 a 2023, tattaunawar shunto ta 2024 kuma ta samar da ƙarin da ya wuce kashi 5 cikin ɗari, irin wanda ba a gani ba cikin fiye da shekara 30. Kamfanoni irin su Hitachi sun fara biyan mutum bisa aikin da aka ƙayyade masa maimakon shekarunsa, matasa kuma sun rage jin nauyin sauya wurin aiki. Matsalar da ta sa aka ƙirƙiro ƙarin albashin daɗewa a farkon ƙarni na ashirin, wato yadda za a riƙe ƙwararren da wasu ke zawarci, ita ce ta sake fuskantar masu kamfani, sai dai a wannan karon ƙungiyoyin ƙwadago sun ragu zuwa kimanin kashi 16 cikin ɗari na ma'aikata, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu aiki suna wajen tsohuwar yarjejeniyar, don haka duk sabon daidaiton da za a cimma dole ne ya fayyace matsayin waɗannan.