Labarin Magujin Koriya Da Tutar Da Ba Tasa Ba

'Yan makaranta, mu kan ga tuta mu ce ai ƙyalle ne da aka rataya a bisa sanda. To, ku saurara ku ji labarin wani saurayi, sa'an nan mu sake shawara.

A shekarar 1910 Japan ta haɗiye ƙasar Koriya. Saboda haka da aka taru a birnin Balin na Jamus a 1936 don wasannin Olimfik, 'yan Koriya ba su da tuta tasu, sai suka shiga cikin ayarin Japan. A cikinsu akwai Sohn Kee-chung. Har sunansa ma aka juya, aka rubuta Son Kitei, yadda Japanawa ke faɗa.

Ran 9 ga Agusta aka yi tseren nan mai nisa, mil 26 da yadi 385. Sohn ya gama cikin sa'a 2 da minti 29 da 'yan daƙiƙoƙi, ya zo na ɗaya. Ɗan ƙasarsu Nam Sung-yong ya zo na uku. Da suka hau dakalin girmamawa, aka ɗaga tutar Japan, aka busa takenta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Samarin nan biyu suka sunkuyar da kai. Sohn kuwa ya rungume ɗan dashen itacen da aka ba shi kyauta, ya rufe tutar da ke ƙirjin rigarsa.

Labari ya kai gida. Wata jarida ta birnin Seul, Dong-a Ilbo, ta buga hotonsa, amma ta goge tutar. Hukuma ta fusata, aka kama ma'aikata, aka rufe jaridar wajen wata tara.

Mahaƙurci mawadaci. A 1945 mulkin Japan ya kau. A 1948 'yan Koriya suka shiga wasannin Landan da tutarsu. A 1988 kuma, da wasannin suka zo Seul, Sohn, yana tsoho mai shekara 76, shi ya shigo da wutar Olimfik fili a guje, jama'a na ta sowa.

To, kun ji. Da ƙyalle ne kurum, da ba a ɗaure mutane a kansa ba. In mun ga an ɗaga tutar wata ƙasa a filin wasa, mu tuna sunan mutanenta ne aka ɗaga. Allah ya sa mu zama masu ɗaukaka sunan ƙasarmu, amin.