Tarihin Wasan Kwaikwayon Hausa a Talabijin

Wasan kwaikwayon Hausa ya samu gindin zama a talabijin ne bayan buɗe gidan talabijin na Kaduna a 1962. A nan Usman Baba Pategi ya yi tashe da "Samanja Mazan Fama", yana fitowa a matsayin soja mai tsawa da gurɓatacciyar Hausar bariki. A wancan zamani akwatin talabijin sai gidan wane da wane, don haka yaran unguwa kan yi cincirindo a tsakar gidan maƙwabci da zarar an idar da sallar magariba.

Fitowar fim ɗin "Turmin Danya" a Kano a 1990 ta karkata hankalin jama'a zuwa kaset ɗin bidiyo. Tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, ita ta farfaɗo da shiri mai dogon zango da "Daɗin Kowa" da "Kwana Casa'in", waɗanda yanzu ake kallo har a wayar hannu.