Malam Zurƙe da Masu Karatu: Gardamar Shekara 90 a Kan Dariya

A shekarar 1933 wani Bature jami'in ilimi mai suna Rupert East ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su ƙaga labari su rubuta shi da boko. Shi ne ke riƙe da Hukumar Fassara da ke Zariya, wadda aka mayar Hukumar Talifi, kuma ya lura cewa yaran da aka koya wa karatu ba su da abin karantawa na jin daɗi. Bai samu abin da sauƙi ba. A wata maƙala da ya buga a 1936 ya bayyana cewa malaman da ya tarar sun ɗauki littafi a matsayin ma'ajiyar addini da ilimi, ƙagaggen labari kuwa aikin mata da yara ne da dare. Ke nan tun kafin a rubuta littafin raha na farko da Hausar boko, an riga an yanke masa hukunci: bai dace da mutumin kirki ba.

Littattafai 5 aka zaɓa daga gasar rubutun da East ya shirya: Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida tare da East, da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Ganɗoki yaƙi ne da jarumta, Shaihu Umar baƙin cikin zamanin bauta, Jiki Magayi ramuwar gayya. Wanda ya fito fili yana neman mai karatu ya tuntsire da dariya shi ne Imam, ƙanen Bello Kagara, malamin Makarantar Midil ta Katsina, yana da shekara 22 kacal.

Jigon labarin ba na wasa ba ne. An kunyata wani Liman a fada saboda ya ce ruwan Bagaja zai warkar da ɗan sarki, sai jarumin littafin, Alhaji Imam, ya bar Kwantagora ya shiga duniya neman ruwan domin ya wanke wannan kunya. Amma a tambayi duk wanda ya karanta littafin yana yaro me ya fi tunawa. Da wuya ya fara da ruwan. Malam Zurƙe ɗan Muhamman zai ambata, abokin gāba kuma abokin tafiya, wanda ke ɓullowa gari bayan gari, yau Alhaji ya yi masa tsiya, gobe shi ya rama. Masu karatu sun ɗauke littafin daga hannun jaruminsa sun miƙa wa Zurƙe rabi, kuma wannan shi ne hukunci mafi daɗewa da suka yanke a kansa.

Karonsu na farko ya isa a tsaya a kansa, domin a nan ake ganin yadda Imam ke ɗaura tarkon dariya. Alhaji ya sauka wani gari ya ba da kansa malami alhali ba shi da karatun. Zurƙe, wanda ya fi shi sani nesa ba kusa ba, ya nemi tona masa asiri a gaban jama'a. Sai Alhaji ya yi wani lanƙwasasshen zane a ƙasa ya ce a karanta. Zurƙe ya yi ta jero sunayen baƙaƙen da zanen ya yi kama da su, ana ce masa bai faɗa daidai ba, daga ƙarshe aka sanar da shi cewa tsayuwar wata ce. Jama'ar gari, waɗanda duk sun san wata amma ba su san baƙi ba, suka gaskata maƙaryaci suka kori mai ilimi.

Wanda ya taɓa durƙusawa gaban allo yana haddace nun ara da lam ara, dariya ke kama shi tun Zurƙe bai rufe baki ba, saboda ya san amsoshin malamin daidai ne, ya kuma san ba za su cece shi ba. A ƙarƙashin dariyar akwai wani abu mai ɗaci wanda kowane Bahaushe ya gani da idonsa: taro na bin mai baki, ya bar mai sani. Ina ganin nan ne Imam ya amsa wa malaman da suka raina ƙagaggen labari, domin ya nuna musu cewa raha na iya ɗaukar gargaɗin da wa'azi ke ɗauka, ta kuma kai shi inda wa'azi bai kai ba.

Sai dai yawancin waɗanda suka fara yin dariyar nan ba su karanta ta ba, ji suka yi. A shekarun 1930 da 1940 masu karatun boko 'yan kaɗan ne. Mutum ɗaya ke riƙe littafi a zaure ko a gindin bishiya, saura su kewaye shi, kamar yadda aka riƙa yi wa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Janairun 1939, Imam na editanta. Mai karantawa kan sauya murya in ya zo kan Zurƙe, ya dakata inda ya kamata, wani ya yi shewa, wani ya ce a maimaita. Imam ya rubuta jimlolinsa da wannan kunne a zuciya. Lokacin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, da hukumar NORLA ta yi ta buga littattafai daga 1954 zuwa 1959, magidancin da ya koyi haɗa baƙi da wasali ya tarar da abin da zai gwada sabon iliminsa a kai ya kuma ji daɗi.

Ƙorafin da aka fi ji yau ya fito ne daga wani irin mai karatu dabam. Littattafan Imam sun shiga manhajar makarantu, aka riƙa tambaya a kansu a jarrabawa. Ɗalibi kan haɗu da Zurƙe shi kaɗai, da dare, yana neman jigo da salo da sunayen garuruwa don ya haddace. Na taɓa tambayar wani ɗan ƙanena da ya gama sakandare ko littafin ya ba shi dariya. Ya ce, "Baba, ai don jarrabawa muka karanta." Ya iya lissafa mini wuraren da Alhaji ya yada zango, amma bai tuna ya taɓa murmushi ba. Abin ya dame ni ƙwarai. Da na ɗauko littafin na karanta masa karon nan na tsayuwar wata da murya, sai da ya riƙe ciki. Ban ga laifin yaron ba, ban kuma ga na Imam ba. Hanyar da aka haɗa su ce ta kashe abin.

Akwai kuma masu cewa dariyar ta aro ce. Wannan magana tana da tushe, kuma Imam da kansa bai ɓoye ba. Ya faɗa cewa dangantakar Alhaji da Zurƙe ya gina ta ne a kan ta Abu Zaidu da Harisu na cikin Muƙamar Hariri, malamin Basra da ya rasu a 1122, littafin da almajiran ilimi ke karantawa a zaurukan ƙasar Hausa tun kafin zuwan Turawa. Manazarta irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu sun bi sawun labaran wani littafin Imam, Magana Jari Ce, mai juzu'i 3, har zuwa Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwa Grimm. Wasu masu karatu sun ji kamar an yaudare su da suka gano haka. Ni ban bi su ba. Labarin ban dariya dama matafiyi ne, fatake da alhazai sun daɗe suna ɗauko shi daga wata ƙasa su sauke a wata. Abin dubawa shi ne ko ya zauna daram a bakin Bahaushe. Kalala da Kalalatu na cikin Magana Jari Ce sun zauna, har yaran da suka tashi da su ba su taɓa zaton baƙi ne ba, kuma wannan aikin Imam ne, ba na wanda ya ara a wurinsa ba.

Ƙorafin da na fi ɗauka da nauyi shi ne na masu cewa wasu wuraren mugunta ce aka sa wa rigar wasa. Akwai duka, akwai ɗauri, akwai mutanen da aka cuta ba su ji ba su gani ba, akwai yi wa baƙauye dariya don ƙauyancinsa. Mai karatun yau kan tsaya a irin waɗannan wurare ya ji dariyar ta maƙale masa. Yana da gaskiya. Barkwanci a al'adarmu yana da ƙa'ida: tsakanin taubasai yake, ko jika da kaka, ko Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zage-zagi, ko Gobirawa da Yarabawa, inda kowa ke da ikon ramawa kuma ba a tashi da gaba. Shi ya sa tsiyar Alhaji da Zurƙe ba ta tsufa ba. Sun zama kamar taubasai, kowa ya sha kowa ya shayar, suka kuma shirya a ƙarshe. Inda wanda aka yi wa abin ba shi da bakin ramawa, nan ne shekaru suka cinye dariyar, kuma bai kamata ƙaunar Imam ta hana mu faɗin haka ba.

Imam ya rasu a Zariya a 1981. Kafin nan raha ta fara ƙaura daga takarda zuwa rediyo da talabijin, inda Samanja ya yi tashe, daga baya finafinan Kano suka fito da Rabilu Musa Ibro. Littattafan da suka cika kasuwar Kano daga tsakiyar shekarun 1980 kuwa soyayya da zaman aure suka fi mayar da hankali a kai. Masu rubutu da yawa sun gaji Imam a ba da labari, amma kaɗan ne suka ɗauki alƙalami da niyyar sa mutum dariya daga shafin farko zuwa na ƙarshe.

Roƙona ga malaman Hausa na firamare da sakandare shi ne, kafin ku tambayi ɗalibai jigon Ruwan Bagaja, ku ware darasi guda ku karanta musu shi da murya, ku bar su su yi dariya inda ta zo, su kuma faɗi inda ba ta zo ba. Iyaye ma su gwada haka a gida bayan sallar isha'i.